Yadda ake shiga saba da makullin SSH, a daina yawo da kalmar sirri a WhatsApp

Duk wanda ya taɓa riƙe saba, wato kwamfutar da ke ajiye bayanan aiki ana shigarta daga nesa, ga wata makarantar Islamiyya, ko kamfanin jigilar kaya, ko shagon da ke ciniki ta intanet a nan Accra, ya san yadda abin yake farawa. An yi hayar saba a ƙasar waje, kamfanin ya aiko da kalmar sirrin root, babban asusun da ke da iko da komai a sabar, ta imel. Wanda ya karɓa a Nima ya tura wa abokin aikinsa a Madina ta WhatsApp, shi kuma ya tura wa yaron da aka turo hidimar ƙasa. Kafin shekara ta zagayo, mutum biyar ko shida suna shiga da suna ɗaya da kalma ɗaya. Ranar da wani fayil ya ɓace, babu mai iya cewa ga wanda ya taɓa shi. Ranar da wani ya bar aiki kuwa, sai ya tafi da kalmar a wayarsa, kuma ba kowa ke tunawa ya canza ta ba.

Abin da ke cikin irin wannan saba ba wasa ba ne: sunayen 'ya'yan mutane, lambobin wayar iyayensu, lissafin kuɗin da aka biya ta momo. Amana ce. Dokar kare bayanai ta Ghana, mai lamba 843 ta shekarar 2012, ita ma ta ɗora wa mai riƙe bayanan jama'a nauyin tsare su. Shi ya sa nake ganin kowane mai shiga saba ya kamata a san sunansa, a san da wane makulli ya shiga, a kuma san ranar da izininsa zai ƙare.

In kana so ka ga halin da sabarka take ciki, shiga ka buga wannan a Ubuntu ko Debian:

`sudo journalctl -u ssh | grep -i "failed\|invalid"`

Layuka za su yi ta zubowa: Failed password for root, Invalid user admin, Invalid user test, daga adireshin ƙasashen da ba ka taɓa zuwa ba, cikin dare da rana. Ba wani ne ya sa maka ido ba. Manhajoji ne da ke bin intanet suna ƙwanƙwasa ƙofa mai lamba 22, wadda SSH, manhajar shiga saba daga nesa, ke saurare a kanta, suna gwada kalmomin da mutane suka saba sa wa. Matsalar ta daɗe. Tatu Ylönen ya rubuta SSH a 1995 a ƙasar Finlan ne bayan an kama ana satar kalmomin sirri a kan layin jami'arsu. OpenSSH, wanda kusan kowace sabar Linux ke amfani da shi yau, ya fito daga masu OpenBSD a 1999.

Makulli yana kashe wannan cankar baki ɗaya. Fayil biyu ne da ake ƙirƙira tare: na sirri da na fili. Na fili ake ajiyewa a saba. Idan ka zo shiga, kwamfutarka tana sa hannu da na sirri a kan bayanan wannan haɗuwar, saba kuma ta duba sa hannun da na fili. Na sirrin ba ya bin waya, ba ya zuwa saba, ba ya barin kwamfutarka ko sau ɗaya.

Kowa da asusunsa

Kafin a taɓa makulli, a raba sunaye. Kai mai kula da saba, buɗe wa kowa asusunsa, ka kuma haɗa su a rukuni ɗaya:

`sudo addgroup masushiga`
`sudo adduser sunansa`
`sudo usermod -aG masushiga sunansa`

Kada ka manta da harafin a a cikin -aG. In ka bar shi, za ka cire mutumin daga duk sauran rukunonin da yake ciki. Wanda zai yi aikin gudanarwa ne kawai za ka ƙara a rukunin sudo, na masu ikon ba da umarni irin na root, kuma kalmar sirrin da adduser ya nema za ta yi masa amfani a can, bayan ya riga ya shiga da makulli. Sa kanka a rukunin masushiga tun yanzu, domin nan gaba za mu ce wa saba ta ƙi duk wanda ba ya ciki.

Ƙirƙirar makulli

Wannan aikin kowa a kwamfutarsa zai yi shi, da hannunsa. Shugaba ba ya ƙirƙira wa yaransa makulli ya tura musu, don da zarar na sirri ya bi ta hannun mutum biyu, ya tashi daga sirri. A Linux da Mac buɗe taminal, wato tagar buga umarni. A Windows 10 da 11 buɗe PowerShell, OpenSSH yana ciki tun 2018.

`ssh-keygen -t ed25519 -C "sunanka-laftof"`

Zai tambaye ka inda zai ajiye, danna Enter ka bar shi a inda ya zaɓa. Irin makullin da muka nema, Ed25519, ya shigo OpenSSH a 2014, kuma daga sigar 9.5 ta 2023 shi ssh-keygen ke ƙirƙira ko ba a ce masa ba. Gajere ne, yana da sauri, ba shi da zaɓe-zaɓen da za su rikita mai koyo. In wata tsohuwar na'ura ta ƙi shi, yi wani irin makulli, RSA, mai tsawon 4096. Irin da ake kira DSA kuwa an daina karɓarsa tun 2015, an cire shi ɗungurungum a 2025. In ka ga wani darasi yana koyar da shi, darasin ya tsufa.

Tambaya ta biyu ita ce jimlar sirri da za ta kulle makullin. Nan ne mutane da yawa ke danna Enter sau biyu su wuce, kuma nan nake roƙonka ka tsaya. Laftof tana lalacewa, a kai ta wajen masu gyara a shataletalen Kwame Nkrumah, ta kwana biyu a hannun da ba naka ba. Ana mance jaka a trotro. In makullin ba shi da jimla, duk wanda ya kwafi fayil ɗin ya zama kai a idon saba. Zaɓi kalmomi biyar ko shida da ba su da alaƙa da juna, ka haɗa Hausa da Twi da Ga in ka ga dama. Kada ka ɗauki aya, ko karin magana, ko sunan ɗanka da ranar haihuwarsa.

Yanzu a foldar .ssh akwai id_ed25519 da id_ed25519.pub. Mai .pub a ƙarshe shi ne na fili, shi kaɗai ake turawa. Abin da ka rubuta bayan -C suna ne kawai, amma wata shida nan gaba shi zai nuna wa mai kula da saba ko layin nan na wane ne. Mai aiki da waya ta manhajar Termux ya yi wa wayar makullinta daban, mai kwamfuta biyu ya yi biyu. In ɗaya ta ɓace, layinta kaɗai za a goge.

Kai makullin fili saba

In har yanzu kalmar sirri tana aiki kuma kana kan Linux ko Mac, umarni ɗaya ya isa:

`ssh-copy-id sunanka@203.0.113.10`

Ka sa adireshin sabarka a madadin wannan. Amma a wurin da ake da ma'aikata, na fi son komai ya bi ta hannun mai kula da saba. Ma'aikaci ya turo fayil ɗin .pub, ko ta WhatsApp babu laifi, tunda ba sirri ba ne. Sai dai ya turo shi a matsayin fayil, kada ya kwafe rubutun cikin saƙo, don makullin layi ɗaya ne tal, in ya karye gida biyu ba zai yi aiki ba.

Abin tsoro a nan shi ne a musanya shi. Ana ƙwace asusun WhatsApp na mutane a garin nan, kowa ya san wani da abin ya shafa. Saƙo zai iya zuwa da hoton abokin aikinka da sunansa, alhali wani ne ke riƙe da lambar. Don haka ku biyun ku buga wannan, shi a kan nasa, kai a kan wanda ya iso maka:

`ssh-keygen -lf id_ed25519.pub`

Zai fito da zanen yatsan makullin, dogon rubutu da ke farawa da SHA256. Kira shi a waya ka ji muryarsa.

"Malam, na ga saƙonka. Karanto min na wajenka."

"To, Yaya. Babban K, bakwai, ƙaramin q, alamar tarawa…"

"Dakata, q ka ce ko g?"

Minti biyu ne, ku bi shi har ƙarshe. In kuna ofis ɗaya, ku jera allon biyu ku duba da ido. In ya dace, sai ka saka layin makullin a fayil ɗin authorized_keys na asusunsa:

`sudo install -d -m 700 -o sunansa -g sunansa /home/sunansa/.ssh`
`sudo nano /home/sunansa/.ssh/authorized_keys`
`sudo chown sunansa:sunansa /home/sunansa/.ssh/authorized_keys`
`sudo chmod 600 /home/sunansa/.ssh/authorized_keys`

Lambobin nan 700 da 600 suna nufin mai asusun kaɗai ke iya taɓa foldar da fayil ɗin. SSH yana da tsanani a kan wannan: in wani na iya rubutu a fayil ɗin, ko a foldar .ssh, ko a gidan mai asusun kansa, zai ƙi makullin, kuma ba zai gaya wa mai shiga dalili ba. A rajistar saba kawai za ka ga bad ownership or modes. Yawancin kukan "na sa makulli amma ya ƙi" daga nan yake.

A gaban layin makulli ana iya rubuta sharaɗi. Wanda ya fi amfani a wurinmu shi ne ranar ƙarewa. Masu hidimar ƙasa shekara ɗaya suke yi su tafi, don haka tun ranar da yaro ya zo, rubuta ranar tafiyarsa:

`expiry-time="20261031" ssh-ed25519 AAAA… sunansa-laftof`

Akwai kuma from= da ke taƙaita shiga daga wani adireshi kaɗai. Yana da kyau tsakanin saba da saba, amma ga mai jona laftof da intanet ɗin waya ba zai yi ba, adireshinsa kullum canzawa yake.

Shigar farko

`ssh sunanka@203.0.113.10`

A karon farko kwamfutarka za ta nuna zanen yatsan sabar ta tambaye ka ko ka yarda. Ita ma saba tana da makullinta, kuma da shi ake gane cewa ba wata na'ura ce ta tsaya a tsakani tana kwaikwayonta ba. Mai kula da saba ya fitar da shi ya raba wa kowa tun farko:

`ssh-keygen -lf /etc/ssh/ssh_host_ed25519_key.pub`

In ya dace ka rubuta yes. Daga nan an adana shi a fayil ɗin known_hosts. Duk ranar da ka ga gargaɗi da manyan baƙaƙe cewa REMOTE HOST IDENTIFICATION HAS CHANGED, tsaya ka tambaya ko an sake girka sabar. Sai ka tabbatar kafin ka goge tsohon da `ssh-keygen -R 203.0.113.10`.

Don kada buga jimla ya gundure ka, buɗe fayil mai suna config a foldar .ssh ta kwamfutarka ka rubuta:

`Host makaranta`
`    HostName 203.0.113.10`
`    User sunanka`
`    IdentityFile ~/.ssh/id_ed25519`
`    IdentitiesOnly yes`
`    AddKeysToAgent yes`

Yanzu `ssh makaranta` ya wadatar, kuma muddin ssh-agent, manhajar da ke riƙe makullai a kwamfutarka, yana aiki, zai riƙe makullin a buɗe bayan ka buga jimlar sau ɗaya. Layin IdentitiesOnly yana hana kwamfutarka miƙa duk makullan da take da su ɗaya bayan ɗaya. Saba gwaji shida take bari, in an wuce ta katse da Too many authentication failures.

Rufe ƙofar kalmar sirri

Wannan ne matakin da ke buƙatar natsuwa, don a nan mutum ke kulle kansa a waje. Kada ka yi shi ana gab da tafiya Juma'a, ko lokacin dumsor batirin laftof ya kusa mutuwa, ko data ta kusa ƙarewa. Ka fara tabbatar da cewa ka san yadda ake buɗe allon gaggawa a shafin kamfanin da ka yi hayar sabar, wanda ba ya bi ta SSH, kuma kana da kalmar sirrin asusunka da za ta yi aiki a can.

Buɗe taga biyu, ka shiga saba a duka. Ɗaya ka bar ta, kada ka rufe ta har a gama. A ɗayar:

`sudo nano /etc/ssh/sshd_config.d/00-tsaro.conf`

Ka rubuta:

`PasswordAuthentication no`
`KbdInteractiveAuthentication no`
`PermitRootLogin no`
`PubkeyAuthentication yes`
`AllowGroups masushiga`

Sunan fayil ɗin da ya fara da 00 yana da dalili. SSH abin da ya fara karantawa yake ɗauka, ba na ƙarshe ba, kuma fayilolin foldar nan bi da bi yake karanta su kafin sauran babban fayil. Sabobin haya masu Ubuntu sukan zo da wani fayil mai suna 50-cloud-init.conf da ke barin kalmar sirri a buɗe. Mutum zai gyara babban sshd_config, ya tafi gida hankalinsa kwance, alhali ƙofar tana nan yadda take. Naka ya riga shi a layi, magana ta ƙare. In sabarka tsohuwa ce da ba ta da foldar, rubuta layukan a saman babban fayil ɗin.

Kafin ka kunna, gwada:

`sudo sshd -t`
`sudo sshd -T | grep -i "passwordauth\|permitroot\|allowgroups"`

Na farko in bai ce komai ba, rubutunka ba kuskure. Na biyu yana nuna abin da SSH zai bi a zahiri, kuma shi za ka gaskata. Sannan:

`sudo systemctl reload ssh`

A Linux irin su Rocky, Alma da Fedora sunan sshd ne, ba ssh ba. Yanzu buɗe taga ta uku ka shiga da makulli. Ya yi? To gwada ta ɗaya hanyar:

`ssh -o PubkeyAuthentication=no sunanka@203.0.113.10`

Amsar da kake so ita ce Permission denied, da kalmar publickey ita kaɗai a bayanta. In ya nemi kalmar sirri, ba a rufe ba tukuna. In kuma makullinka ne ya ƙi, koma tagar da ka bari a buɗe ka gyara. Sai kowa a ofis ya gwada nasa ya shiga kafin ka rufe ta.

Akwai wani giɓi da ya rage. Tunda authorized_keys a gidan ma'aikaci yake, zai iya ƙara wani makulli da kansa, nasa ko na abokinsa, ba ka sani ba. In kana so jerin ya zauna a hannunka, buɗe folda /etc/ssh/makullai mallakar root da izini 755, ka yi wa kowa fayil da sunan asusunsa da izini 644, ka kwashe makullan can, sannan ka ƙara `AuthorizedKeysFile /etc/ssh/makullai/%u` a 00-tsaro.conf. Bi matakan gwajin nan kamar ɗazu.

Idan sabobi da mutane sun yi yawa: hatimi

Saba ɗaya da mutum huɗu, abin da muka yi ya isa, kana iya tsallake wannan sashe. Amma da zarar sabobi sun kai biyar, ma'aikata goma, wasu a Accra wasu a Kumasi, layukan da za ka bi sun zama hamsin. Wani zai tafi, a goge shi a huɗu a mance ta biyar.

Tun 2010 OpenSSH yake da maganin wannan, sai dai mutane kaɗan ke amfani da shi. Kamar baƙon da ya sauka zango ne da takarda mai hatimin sarkin garinsu: mai masauki bai san fuskarsa ba, amma ya san hatimin, ga sunan baƙon a rubuce, ga kwanakin da zai yi. Kai ma za ka ƙirƙiri makulli ɗaya na musamman da aikinsa sa hannu a kan makullan ma'aikata, ka gaya wa kowace saba ta yarda da duk takardar da ya buga wa hatimi.

A wata kwamfuta da ka amince da ita, ba a kan saba ba:

`ssh-keygen -t ed25519 -f hatimi -C "hatimin-ofis"`

Ba shi jimla mai ƙarfi. Fayil ɗin hatimi shi ne abu mafi tsada da kuka mallaka, don mai shi zai iya ba kansa izinin shiga ko'ina da kowane suna. Ajiye shi a filas biyu, ɗaya a hannunka, ɗaya a kulle wajen mai kamfanin. Ka zauna ka yi wa Alhaji bayanin abin da ke ciki da bakinka, ya san ba filas ɗin da za a ara wa yaro ya kwafi hotunan biki ba ne. Kada hatimin ya kwana a imel ko Google Drive.

Kwafi hatimi.pub zuwa /etc/ssh/hatimi.pub a kowace saba. Ƙirƙiri fayil ɗin soke izini tun yanzu, ko babu komai a ciki:

`sudo touch /etc/ssh/sokakku`

Sannan ka ƙara a 00-tsaro.conf:

`TrustedUserCAKeys /etc/ssh/hatimi.pub`
`RevokedKeys /etc/ssh/sokakku`

Ka kiyaye tsarin nan: fayil tukuna, layi daga baya. In SSH ya nemi fayil ɗin sokakku bai iya karanta shi ba, kowa zai hana shiga da makulli, har kai.

Ma'aikaci ya turo .pub ɗinsa, kun tantance zanen yatsa a waya, sai ka buga hatimi:

`ssh-keygen -s hatimi -I sunansa-laftof -n sunansa -V -5m:+4w -z 1 sunansa.pub`

Bayan -I sunan da zai fito a rajista ne duk sanda ya shiga. Bayan -n sunan asusun da aka yarda ya shiga da shi, kuma kada ka taɓa barin wannan. Bayan -V wa'adi: daga minti biyar da suka wuce zuwa mako huɗu masu zuwa. Bayan -z lambar takardar, ka riƙa ƙara ɗaya kowane karo, kana rubutawa a littafi: lamba, suna, rana. Zai fito da sunansa-cert.pub. Duba abin da ke ciki da `ssh-keygen -L -f sunansa-cert.pub`, ka tura masa. Shi kuma ya sake masa suna zuwa id_ed25519-cert.pub, ya ajiye kusa da makullinsa a foldar .ssh. SSH zai ɗauka da kansa. Ba a taɓa authorized_keys ba ko a saba ɗaya, asusunsa kawai ya kasance a can, cikin rukunin masushiga.

Wa'adin shi ne ribar abin. Na fi son mako huɗu ga ma'aikaci na dindindin, mako ɗaya ko kwana biyu ga wanda aka ɗauko ya gyara abu ɗaya ya tafi. Gaskiya akwai ɗawainiya, kowane wata sai an zauna an sabunta. Amma wanda ya bar aiki, ko an mance da shi, izininsa zai mutu da kansa, kuma zaman sabuntawar yana tilasta muku ku tambayi kanku ko wane har yanzu yana buƙatar shiga. Shekara ɗaya ta yi tsawo, kusan daidai take da rashin wa'adi.

Takarda da agogo take aiki. Mu a Ghana agogonmu daidai yake da UTC, agogon bai ɗaya na duniya, duk shekara, don haka lokacin da ke rajistar yawancin sabobin haya shi ne na bangon ofis, abokin aiki a Kano ne zai ƙara awa ɗaya. Inda matsala take shi ne tsohuwar kwamfutar da aka mayar saba a ofis. In ƙaramin batirin agogonta ya mutu, aka ɗauke wuta aka dawo da ita, tana iya farkawa a wata shekara da ta wuce, ta ƙi kowa da cewa takarda ba ta fara aiki ba. Duba `timedatectl`, ka tabbatar tana daidaita agogo da intanet, ka canza batirin, 'yan sidi kaɗan ne. Ka kuma bar makullin gaggawa guda na mai kula da saba a jerin makullai na yau da kullum, wanda ba ya dogara da takarda.

Ranar da wani ya tafi, ko laftof ta ɓace

A ranar za a yi, ba washegari ba, kuma ba sai an yi faɗa ba. Ko da hannu biyu aka rabu, ana sallama ana addu'a, a rufe. Kariya ce gare shi ma, don in wani abu ya faru bayan tafiyarsa babu mai zarginsa.

Goge layinsa daga jerin makullai a kowace saba. In da takarda yake shiga kuma wa'adinta bai cika ba, saka layin makullinsa na fili a /etc/ssh/sokakku, wannan ya kashe makullin da duk takardar da aka buga masa. Cire shi daga rukuni, ka rufe asusun:

`sudo gpasswd -d sunansa masushiga`
`sudo usermod -L -e 1 sunansa`
`sudo pkill -u sunansa`

Umarnin ƙarshe yana da muhimmanci, domin goge makulli ba ya korar wanda ya riga ya shiga, sabuwar shiga kawai yake hanawa. Ka kuma lura cewa kulle kalmar sirri da -L shi kaɗai ba ya hana shiga da makulli, shi ya sa muka haɗa da -e 1 da ke ƙarar da asusun kansa. Duba `sudo crontab -l -u sunansa` ko ya bar wani aiki da ke tashi da kansa. In laftof ce ta ɓace, asusun yana nan, tsohon makullin kawai za a soke, ya ƙirƙiri sabo. Kada a ce ai akwai jimla a bar shi. Jimlar lokaci take saya muku kafin ku soke.

In kuka ga alamar an riga an shiga, kada ku goge rajista. Kowace shiga da makulli tana barin layi mai Accepted publickey, da sunan asusu, da adireshi, da zanen yatsan makullin, in da takarda ce har da sunanta da lambarta. Hukumar tsaron intanet ta Ghana, wadda doka mai lamba 1038 ta 2020 ta kafa, tana karɓar rahoto ta lamba 292.

Makulli ba ya toshe ɓarakar da ke cikin manhajar kanta. A watan Yulin 2024 masu bincike na kamfanin Qualys sun bayyana wata a OpenSSH da za ta iya ba mahari iko da sabar Linux ba tare da makulli ko kalma ba, kuma sabuntawa ce ta rufe ta. Don haka `sudo apt update && sudo apt upgrade` ya shiga aikin mako.

Idan wani ya kira yana cewa ya kasa shiga, ya buga `ssh -v makaranta` ya turo maka hoton allon, kai kuma ka buɗe `sudo journalctl -u ssh -f` ka ce ya sake gwadawa kana kallo. Dalilin zai fito a allonsa ko a naka: izinin fayil, ko ba ya cikin rukuni, ko takarda ta ƙare, ko wani makulli kwamfutarsa ke miƙawa. Kada ka buɗe masa kalmar sirri "na yau kawai". Kuma a farkon kowane wata, ranar sabunta takardu, bi jerin makullan da `ssh-keygen -lf` fayil bayan fayil. Duk layin da ba ka iya faɗin sunan mai shi da na'urar da yake kai ba, sa masa alamar # a gaba ka kashe shi. In mai shi yana nan zai kira ka, sai ku sake tantancewa a waya kafin ka mayar.